Sunan da kwamfuta ke riƙe da shi a ciki

A Magajiya, kamar sauran unguwannin Suleja, da yawa daga kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu 'yan gwanjo ne, an shigo da su daga Turai ko Amurka. Kafin su iso mana, takardar da ke manne a ƙasansu ta goge, wata ma an sauya mata murfi. Nakan tausaya wa mai sayen da ba shi da madogara sai bakin mai sayarwa.

Alhali na'urar tana riƙe da shaidarta. Tun a masana'anta ake rubuta ta a babban allon da ke cikinta, kuma sauya murfi ba ya taɓa ta. A Windows, in ka buga msinfo32 za ta fito. Sai dai ba kullum take faɗin sunan da muka sani a kasuwa ba. Lenovo kan ba ka lamba mai farawa da 20HR, sai ka bincika ka gane ThinkPad X1 Carbon ce ta 2017. Apple kuwa takan ce MacBookAir7,2, lambar da ta haɗa ƙirar 2015 da ta 2017, dole ka ƙara da lambar siriyal kafin ka raba su.

Wannan ɗan binciken ne ke gaya wa mai gyara batirin da zai nema da cajar da ta dace. Ina fata duk uban da ya tara kuɗi zai saya wa 'yarsa kwamfutar karatu ya ce a kunna ta, a nuna masa wannan lambar, kafin a fara ciniki.