Na Ɗauka Mutuwar Zuciya Ce

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kasuwar Alhamis ta Maigatari ta yi sanyi. Shanu da raƙuman da ke shigowa daga wajajen Damagaram suka yi ƙaranci, kuma ko da aka buɗe iyakar a Disambar 2020, ba kowa ne ya farfaɗo ba. Cikin waɗanda suka durƙushe har da ƙanena, dillali a kara.

Ni kuwa na ɗauka mutuwar zuciya ce. Na biya masa kuɗin wani horo ta WhatsApp, irin na masu koyar da dabarun cin nasara: tashi da wuri, rubuta burinka, daina raki. Kullum da safe sai na kira shi: "Kai, yau me ka tsinana?" In ya yi shiru, in hau shi da faɗa. Har gorin 'ya'yansa na yi masa, Allah ya yafe mini.

Matarsa ce ta tare ni a zaure. "Yaya, ba ya barci fa. Tuwo yadda na ajiye haka nake ɗauka. Jiya cewa ya yi da babu shi da mun huta."

Jikina ya yi sanyi. Mai horon nan ba macuci ba ne; aikinsa da mai lafiya ne wanda ya rasa tsari, kuma babu wanda ya koya masa gane cuta. Masanin lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa tambaya yake fara yi: tun yaushe, yaya barci, yaya cin abinci, shin tunanin mutuwa na zuwa? Baƙin cikin da ya wuce mako biyu ba ya saki, tare da irin waɗannan alamu, a wurinsa ciwon damuwa ne, ana maganinsa da zaman tattaunawa, wani lokaci har da ƙwayoyi. Ni gurgu na yi ta kora da bulala.

Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Na sani sarai. Tsoron a ce gidanmu akwai mahaukaci ne ya ɗaure mini ƙafa, sai da mahaifiyarmu ta ce in ban kai shi ba ita za ta kai shi.

Yana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Amma har yau ba ya son ɗaga wayata da safe.