Mista Bin a Garinsu

A dandalin Leicester da ke tsakiyar Landan akwai wani benci da ba ya rabuwa da layi. Mista Bin ne zaune a kansa, an zuba shi da tagulla tun 2020, da 'yar kwat ɗin nan tasa da murmushin wanda ya yi ɓarna bai ji kunya ba. Na ɗan tsaya ina kallon masu ɗaukar hoto da shi: Indiyawa ne, da Larabawa, da 'yan Sin, da irinmu. 'Yan gari kuwa wucewa kawai suke yi da kofin shayinsu a hannu, ko waiwaye babu.

Sai da na isa Newcastle, can arewa maso gabashin Ingila, na ga dalili. Na sauka wurin wani tsohon abokin karatuna da ke aikin asibiti a can, kuma maƙwabciyarsa, wata dattijuwar Baturiya, ta zo gaishe da baƙo. Da na ambaci Mista Bin sai ta yatsine fuska, ta ce ai wannan na yara ne da mutanen ƙetare. A wurinsu Rowan Atkinson, mai fitowa a Mista Bin, shi ne Blackadder, mutum mai baki kamar aska, wanda zai zage ka tas da lafazi mai daɗi sai ka koma gida ka gane an zage ka. Wato mutumin da duk muka ɗauka kusan bebe ne, a gidansu da kaifin harshe aka san shi.

A daren suka kunna mini kashi na ƙarshe na wasan Blackadder, wanda BBC ta nuna a 1989. Sojojin Birtaniya ne cikin ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun farkon shirin Kyaftin Blackadder dabara yake ta ƙullawa don kada a tura shi bakin daga, har da ɗora kamfai a ka da cusa fensir biyu a hanci wai ya haukace. Ana ta dariya har aka busa usur. Suka haura bakin rami, hoton ya koma tafiyar hawainiya, hayaƙi ya rufe su, sannan filin ya rikiɗe ya zama gonar jajayen furanni. Falon ya yi tsit. Dattijuwar ta cire gilashinta tana gogewa, ta ce kakanta a wannan yaƙin ya tafi bai dawo ba. Atkinson da Richard Curtis ne suka rubuta zangon farko a 1983. Daga na biyu Curtis da Ben Elton suka riƙe alƙalami, kuma gaskiya daga nan ne wasan ya yi armashi.

Washegari na hau bas zuwa Consett, inda aka haifi Atkinson ranar 6 ga Janairun 1955. Gari ne a kan tudu, iska tana kaɗawa kamar da gayya. Da can garin ƙarfe ne, har ana cewa jar ƙurar masana'anta takan ɓata wankin da aka shanya. An rufe masana'antar a 1980, mutum dubu uku da ɗoriya suka rasa aiki lokaci guda, yanzu filin ya zama gidaje da kantuna da ciyawa. Shi dai Atkinson ba ɗan lebura ba ne. Mahaifinsa manomi ne mai abin hannu, shi kuma auta a cikin maza, kuma an kai shi makarantar da ke jikin babbar majami'ar Durham, inda Tony Blair, wanda daga baya ya zama firaminista, yake gabansa da shekara biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne karatunsa. Injiniyan lantarki ne, ya yi digiri a Jami'ar Newcastle, ya tafi Oxford a 1975 don digiri na biyu. A can ya haɗu da Curtis, suka fara wasa tare, har aka lura da shi a bikin wasanni na Edinburgh a 1976. Yana da in-ina tun yana yaro, amma da zarar ya shiga rigar wani sai harshe ya sake. A 1979 shirin Not the Nine O'Clock News ya sa duk ƙasar ta san fuskarsa.

Ni a ganina injiniyancin bai tafi a banza ba. Kafin Mista Bin ya shiga talabijin, Atkinson ya gwada shi a bikin barkwanci na Montreal a 1987, kuma ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci, don ya ga ko jiki kaɗai zai iya fitar da dariya. Gwajin ya ci. Tashar ITV ta nuna kashin farko ranar 1 ga Janairun 1990, kuma duk abin da muke ta maimaitawa a kaset da faifai da waya kashi 15 ne kacal, aka tsaya a 1995. Mutane kan ɗauka tunda ba magana, ba rubutu. Su je su sake kallon inda ya shiga gidan abinci ranar zagayowar haihuwarsa, ya yi odar nama bai san ɗanye za a kawo ba. Ya tura wani cikin burodi, wani cikin tulun fure, wani a kwanon sukari, wani a jakar wata mata, har da wandon mai goge. Kowace ɓoya ta fi ta baya muni, kuma duk an jera su ne don abin da zai biyo baya: ma'aikaci ya yi tuntuɓe, Bin ya ɗora masa laifin komai, aka ba shi haƙuri aka sake kawo masa ɗanyen naman. Wannan lissafi ne, Atkinson da Curtis da Robin Driscoll suka zauna suka auna shi. Marigayi Ibro namu da baki yake kashe mutane da dariya, shi ya sa bai ƙetare inda Hausa ta tsaya ba. Shi Bin ba ya buƙatar tafinta ko a Agadas ko a Jakarta.

Kuma ban yarda wawa ne ba, kamar yadda muke cewa. Mai son kansa ne, mai wayon yara. Zai saci amsa a jarrabawa, zai tsallake layin asibiti, zai ture motar nan shuɗiya mai ƙafa uku ya yi gaba abinsa. Rashin kunyar da muke so mu yi ba mu iya ba, ita muke wa dariya.

Akwai wani gefen Atkinson da ba ya zuwa mana. A 2005 ya fito fili ya yaƙi ƙudurin dokar hana cusa ƙiyayyar addini da gwamnatin Blair ta kawo, yana ganin za ta ɗaure bakin masu barkwanci. Musulmin Birtaniya da dama kuwa suna son dokar, domin su ne ke shan zagi a titi, kuma abokina har yau yana jin haushinsa a kan wannan. A farkon 2006 gwamnati ta sha kaye a majalisa da ƙuri'a ɗaya tak, Blair kansa bai jefa tasa ba, aka zartar da dokar bayan an rage mata ƙarfi.

Sauran aikinsa ba ya buƙatar dogon bayani: muryar tsuntsu Zazu a The Lion King a 1994, finafinan Johnny English uku, bikin buɗe Olamfik na Landan a 2012 inda ya yi ta danna maɓalli ɗaya na fiyano. Ba ya son hira da 'yan jarida, motoci ne abin sonsa, har lasisin tuƙa babbar mota gare shi. Mai 'yar koriyar Mini a talabijin ya mallaki McLaren F1, ya yi hatsari da ita sau biyu, gyaran na 2011 ya ci wa kamfanin inshora sama da fam dubu 900, kuma duk da haka ya sayar da ita a 2015 da riba mai tsoka.