Jos: Garin Baƙi, Da Yaran Da Ke Ratsa Tashoshinsa

Duk matafiyin da ya sauka a tashar Bauchi Road da asuba, sanyi ne zai fara yi masa maraba, domin Jos tana bisa tudu ne mai tsawon kimanin mita 1,200. Masu shayi sun hura wuta, 'yan kamasho suna kiran Bauchi da Gombe, fasinja kuwa kowa ya duƙunƙune cikin mayafi.

Tun asali Jos garin baƙi ce. Kuza ce ta tara Hausawa da Ibo da Yarabawa a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Zariya a 1914. Amma ba kowa ne ya zo don ra'ayin kansa ba. Tsakanin 1942 da 1944 Turawa sun kwaso dubban talakawa aikin tilas a ramukan kuza, sanyi da yunwa suka hallaka da yawa. Yau an daina wannan, sai dai ɗiban mutane ya sake kama, ya koma kan yara.

Tun daga rikicin 2001, har zuwa hare-haren Bokkos da Barikin Ladi na Disamba 2023, ƙauyukan Filato sun cika da marayu da iyayen da suka rasa gida da gona. A nan maciya amana suke shiga da daɗin baki, su ce za su sa yaro makaranta a birni, alhali kuwa aikatau za a kai shi, ko a sayar da shi ɗungurungum. Mutanen Kano ba su manta da yara 9 da aka sace aka gano a Anaca a 2019 ba.

To, yaya ake gane irin wannan tafiya? Sau da yawa za a ga babba guda da yara uku ko huɗu waɗanda ba su yi kama da juna ba, ba su kuma jin harshensa. Ba kaya a hannunsu sai tufafin jikinsu. In an tambayi yaro sunansa ko inda za shi, sai ya sunkuyar da kai, babban ya yi caraf ya amsa.

Alama dai ba hujja ba ce, domin akwai kawunnai masu riƙon 'ya'yan 'yan'uwa tsakani da Allah. Saboda haka ba a yin ihu a tara jama'a, don a gari irin Jos ƙaramin zargi yana iya zama gobara. Abin yi shi ne a lura da lambar mota da inda ta nufa, a sanar da shugabannin direbobi su jinkirta tashinta, a kira 'yan sanda ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003. Dokar 2015 ma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

Iyaye kuma su san suna da gidan wanda ya karɓi ɗansu, su riƙa ziyara. In mota ta wuce Mararrabar Jama'a, neman yaro ya zama aiki ja.