Maƙerin da ba ya tambaya

A ƙarshen layinmu a Rijiyar Lemo akwai shagon gem: ɗaki ɗaya, talabijin huɗu, benci biyu, da janareta a bakin ƙofa yana ta gunji. Yawancin yaran da ke cika shi ƙwallo suke bugawa. Ɗan yayata, mai shekara goma sha huɗu, ya fita daban, shi wasan takobi yake so. Wata Asabar mahaifiyarsa ta aike ni in taso shi ya ci abinci, na same shi a Masar ta zamanin sarauniya Kiliyofatra, cikin wasan Assassin's Creed Origins wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2017.

"Kawu, don Allah minti ɗaya, bari in je wurin maƙeri."

Na tsaya ina kallo. Ya buɗe taswira, ya nufi wata alama, ya tsaya gaban wani mutum a bakin wuta. Nan take jerin kaya ya bayyana: takobi, mashi, baka, garkuwa, kowanne da farashinsa da lambar da ke nuna irin ɓarnar da yake yi. Ya zaɓi takobi, kuɗinsa suka ragu, takobi ya koma hannunsa. Babu sallama, babu tayi, babu "albarka". Maƙerin bai tambaye shi ɗan gidan wa ne ba, balle abin da zai yi da takobin.

Na san wannan maƙeri tun kafin yaron ya yi wayo. Ina jami'a na fara saduwa da shi, a faifan Assassin's Creed II na 2009 da wani abokina ya sayo a Sabon Gari. A can a biranen Italiya na ƙarni na 15 yake, yana sayar wa Ezio takubba da rigunan ƙarfe, yana gyara waɗanda suka lotse. Kamanninsa na sauyawa daga wasa zuwa wasa, harshensa ma haka, amma halinsa ɗaya ne: kullum shagonsa a buɗe, kullum da kaya a ƙasa, kuma duk mai kuɗi abokin cinikinsa ne.

Masu tsara wasannin ba jahilci ne ya sa su haka ba. Ɗan wasa yana tara kuɗi a hanya, daga akwatuna da aljihun waɗanda ya kayar. In babu inda zai kashe su, tarawar ba ta da daɗi. Kuma dole ya riƙa jin yana ƙara ƙarfi, in ba haka ba ya gaji ya ajiye. Shagon maƙeri yana biyan buƙatun nan biyu a lokaci guda: yana haɗiye kuɗin, yana mayar da su lambobi masu hawa. Da za a ce yaro ya je wuri bakwai kafin ya haɗa kayan yaƙi, ya jira wata uku a gama ƙira, da ba wanda zai biya kuɗin awa a shagon layinmu. Sai aka tattara sana'o'i da yawa aka ɗora wa mutum ɗaya. Ko a Italiyar da wasan ya kwaikwaya ba haka abin yake ba. A Florence ƙungiyar maƙera daban take da ta masu yin rigunan ƙarfe da takubba. Sunan Missaglia da wasan ya liƙa wa ɗaya daga cikin rigunansa masu tsada, sunan wani gida ne na gaske a Milan, gidan da ya shahara da wannan sana'a kaɗai, yana da ma'aikata, yana sayar wa sarakunan Turai.

Abin da ya tsaya mini a rai a ranar, ina biye da yaron zuwa gida, shi ne: wannan yaro a Kano aka haife shi, garin da labarin kafuwarsa ma da maƙera ya fara, amma maƙerin da ya fi sani shi ne na cikin talabijin.

Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo gindin Dala neman tama suka zauna. Masu tonon ƙasa sun sami alamun narkar da ƙarfe a wurin da suka kai ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke fagen yaƙi. Wato kayan da ɗan yayata ke saye da danna maɓalli, Kano ta san su shekara ɗari shida da suka wuce. Sai dai yadda suke isa jikin mayaƙi ya sha bamban.

A ɗauki takobi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a farkon 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin dubu hamsin a shekara, kowanne a kan wuri dubu, kuma kusan duk waɗanda ya gani daga Solingen ta ƙasar Jamus suka fito. Tsirara suke zuwa, su ratso Sahara a bayan raƙuma. A nan Kano ake sa musu mariƙi, dukawa su ɗinka kube, a yi musu hamila, sannan su bazu zuwa hannun Buzaye da Fulani da Nufawa da Barebari. Takobi ɗaya ya bi ta hannun maƙerin Jamus, da fatake, da dillali a kasuwar Kurmi, da maƙerin Kano, da baduku. Fagge, wadda a yau muke ratsawa a adaidaita sahu ba tare da ɗaga kai ba, zango ce ta irin waɗannan ayari.

Lifidi kuwa ko kusa da wuta ba ya zuwa. Aikin allura ne, maɗinka ke cusa audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu su bi da ɗinki, a rufe doki da mahayinsa. Garkuwa ta fata ce. Sulke, rigar nan ta ƙananan zobba da aka sarƙa, yawancinsa daga waje ya zo ta hanyar arewa, yana da tsada ƙwarai, ana gadonsa kamar gida. Abin da ya fito kai tsaye daga hannun maƙerin gida shi ne kan mashi, da kan kibiya, da wuƙa, da linzami, da likkafa. Ko kibiyar ma sai ta je wurin mai haɗa dafi kafin ta cika kibiya. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji Bahaushe, kuma kayan barde ɗaya aikin unguwanni da yawa ne.

Ga kuma abin da wasan ba zai iya ɗauka ba ko ya so: ba kuɗi kaɗai ke sa mutum ya sa sulke ba. Doki da lifidi da sulke a hannun sarki da hakimai suke, su ke ba wa barorinsu da bayinsu. Wanda aka ɗaura wa lifidi an san ubangidansa, an san wanda zai amsa in ya yi ɓarna. Har yau a hawan Sallah, in ka ga 'yan lifidi da 'yan sulke sun wuce, ba ka tambayar nawa suka saya, ka san na gidan wa ne. Su ma maƙeran suna ƙarƙashin Sarkin Maƙera, ta hannunsa fada ke neman abin da take buƙata. Kuma kada mu yi wa tarihin kwalliya: cikin abin da ake nema har da mari da sarƙa, a garin da ake sayar da mutane a kasuwa. Tsarin da ya san wanda ke riƙe da makami ba lallai ne ya zama mai adalci ba. Abin da nake cewa kawai shi ne tsari ne na sanayya, ƙarfe ba ya fita ba a san inda ya nufa ba.

Sannan yaƙi ba shi ne abincin maƙeri na yau da kullum ba. Manomi ne babban abokin cinikinsa. Fartanya, garma, lauje, magirbi, gatari: waɗannan ne suka riƙe maƙera, kuma lokacin da wuta ta fi ci shi ne gab da faɗuwar damina. Philip Jaggar, wanda ya yi bincike a kan maƙeran birnin Kano, ya yi bayanin rabuwar da mu ma muka sani a baki, tsakanin maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Ban taɓa ganin fartanya a jerin kayan maƙerin Ezio ba.

A yi adalci, akwai wasannin da suka matso kusa. Ghost of Tsushima na 2020 ya raba mai takobi da mai sulke da mai baka. Wanda ya fi burge ni shi ne Kingdom Come: Deliverance na 2018, wanda wani kamfani na ƙasar Cek ya yi a kan yankin Bohemiya a 1403. Jarumin ɗan maƙeri ne, kuma aikinsa na farko a wasan ba faɗa ba ne. Ubansa ne ya aike shi ya sayo gawayi, ya karɓo bashi wurin wani mai taurin kai, ya amso wani ɓangare na mariƙin takobi daga fada, domin takobin da ake ƙerawa saƙon wani basarake ne, an san mai shi tun kafin a hura wuta. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan zuga a maƙera zai gane wannan yaron.

Bayan sati biyu na ɗauki ɗan yayata zuwa wata maƙera da ke bayan unguwarmu, inda mahaifiyata ke kai wuƙaƙenta wasawa tun ina ƙarami. Rumfa ce ta tsohon kwano, ƙasa duk ta yi baƙi. Mai ita dattijo ne, yana zaune a ƙasa, uwar maƙera a gabansa, awartaki a hagu, masaba a dama, jikansa na juya zugazugin da aka haɗa da ƙafar keke. Rabon da a narka tama a nan ƙasar an daɗe. Tun zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa bayan 'yan shekaru, ƙarfen waje da tarkace suka maye gurbinta. Shi daga Ƙofar Ruwa yake sayo ƙarfensa, ya ce sifirin tsohuwar mota ya fi kowanne riƙe kaifi.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, na kawo maka ɗalibi. Ya ce ya san maƙera, a gem."

Ya yi dariya, ya miƙa wa yaron wata fartanya da ba a sa wa ƙota ba, ya ce ya ji nauyinta. Yaron ya juya ta, ya ajiye, sannan ya yi tambayar da na san za ta zo: "Baba, kana yin takobi?"

Dattijon bai amsa da wuri ba. Ya mayar da ƙarfe wuta, ya jira ya yi ja. Ya ce ya iya, mahaifinsa ya koya masa, kuma in Sallah ta matso masu hawa kan kawo gyara. Amma yanzu, in ji shi, masu zuwa neman doguwar wuƙa ba mahaya ba ne. Yara ne kamar wannan, ko sun ɗan girme shi. Sukan zo da magariba, su biyu ko uku, su ce mahauci ne ya aiko su, su zana tsawon da suke so a ƙasa. Kuɗin da suke tayawa ya ninka na fartanya sau da yawa.

Babu mazaunin Rijiyar Lemo ko Kurna da ke buƙatar a fassara masa wannan. Mun san dare da ake rufe shaguna da wuri saboda faɗan daba. Ni kaina, shekara biyu da suka wuce, wasu samari biyu sun tare ni a bakin titi bayan isha, ɗaya ya ɗaga riga ya nuna mini abin da ke ƙugunsa, na miƙa waya ba gardama. Abin da na gani a hasken fitilar mota ba daga kanti ya fito ba. An buga shi a kan uwar maƙera, wani ya zauna ya wasa shi, ya karɓi kuɗi. 'Yan sanda sun sha gargaɗin maƙera a kan haka, kuma ba na jin gargaɗin ya rasa dalili. Ba kuma ina ɗora wa gem laifin daba ba ne. Daba ta girmi PlayStation nesa ba kusa ba, kuma yawancin yaran shagon layinmu ko kaza ba za su iya yankawa ba. Abin da ya dame ni ƙarami ne: hoton da yaro ke ɗauka cewa makami haja ce kamar kowace, kuma mai ƙera shi ba shi da ta cewa.

Na tambayi dattijon yadda yake yi da su. Ya ce tambaya yake yi. Wane mahauci? A wace kasuwa? Ɗan gidan wa ne kai? In da gaske ne, mahaucin ya zo da kansa, ai ya san hanya. Ya ce yawanci a tambaya ta biyu suke juyawa, wani lokaci da zagi. Sau ɗaya an watsa masa gawayi da dare. Ya kuma san ba shi kaɗai ne maƙeri a Kano ba, wanda ya ƙi yi wani zai yi, kuma a shekarar da buhun gawayi da kwanon masara suka yi tsada ba ya rantsuwa a kan kowa. Bai faɗi wannan da alfahari ba, ya faɗe shi ne kamar mai lissafin asarar da ya saba da ita.

A hanyar komawa yaron ya yi shiru har muka wuce masallaci. Sannan ya ce, "Kawu, in da za a yi gem na Kano, sai a sa maƙerin ya riƙa ƙin sayarwa?"

Na ce me zai hana. Sai ka nemo wanda zai tsaya maka, ko ka yi wa wani hakimi barantaka shekara biyu kafin a ba ka lifidi, ko ka jira ayarin Fagge ya sauka.

Ya yi tunani, ya ce, "Ba wanda zai buga."

Da muka iso bakin layi ya roƙe ni naira ɗari biyu ta awa ɗaya. Na ba shi.