Daga Kano Zuwa Tiriyeste, Inda Mai Lissafi Ke Zama da Mai Sauro

Malam, kai da ka yi zamanka a gida, bari in warware maka labarin tafiyar nan tun daga tushe. Takardar gayyata ta zo mini ne daga wata cibiya a Italiya da ake kira ICTP, wato cibiyar nazarin fiziks ta ƙasa da ƙasa mai ɗauke da sunan Abdus Salam, domin halartar horo kan yadda ake amfani da manyan kwamfutoci wajen nazarin yanayi da lafiya. Ka san ni malamin lissafi ne, abin da na sani game da Italiya bai wuce birnin Rum da ƙwallon ƙafa ba. Garin da aka ce in je, Tiriyeste, sai da na buɗe taswira na lalubo shi. Yana can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar, a bakin tekun Adiriyatik, dab da iyakar Sulobeniya.

Bayan zirga-zirgar neman biza, na tashi daga Abuja, muka yada zango a Istanbul, muka sauka a Benis, birnin nan da aka gina a kan ruwa. Daga filin jirgi na shiga bas zuwa tashar Mestre, na hau jirgin ƙasa mai zuwa gabas. Tafiyar kimanin awa 2 ce. Da farko gonakin inabi ne da masara a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma muna wuce wani gari mai suna Monfalcone sai titin dogon ya haura gefen dutse, teku ya bayyana a hannun dama, can ƙasa da mu. Watan Nuwamba ne, kuma abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rana. Ƙarfe 5 na yamma ba ta cika ba duhu ya rufa. A gida lokacin ne yara ke dawowa daga makarantar Islamiyya, a can kuwa Magariba har ta yi.

Daga tashar Tiriyeste bas mai lamba 6 ta bi da ni gaɓar teku zuwa Grignano, wata 'yar tashar jiragen ruwa inda masaukin baƙin cibiyar yake. Kowace safiya mukan ratsa ta cikin lambun fadar Miramare, farar fada da aka gina wa Maximilian, ƙanen sarkin Ostiriya, wajen 1860, kafin ya tafi ya karɓi sarautar Meziko inda aka kashe shi a 1867. A nan na gane cewa garin ya shafe fiye da shekara 500 a hannun Ostiriya, sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma Italiya. A nan kuma na haɗu da iskar da suke kira bora, wadda ke gangarowa daga duwatsun arewa maso gabas, wani lokaci da gudun da ya haura kilomita 100 a awa ɗaya. Hunturunmu yana zuwa da ƙura ya busar da leɓe, ita wannan ba ta da ƙura ko kaɗan, amma sai ka ga dattijo ya tsaya ya riƙe ƙarfen gefen hanya har ta lafa.

Tarihin cibiyar kansa ya taɓa mini zuciya. Abdus Salam ɗan Pakistan ne. Ya gama karatu a Ingila ya koma Lahore a 1951 yana koyarwa, sai ya tarar babu wanda zai tattauna bincikensa da shi, babu mujallu, babu taro. Kaɗaici ya sa ya sake komawa Ingila a 1954. Bai manta da wannan ciwon ba. Shi da wani masani ɗan Tiriyeste, Paolo Budinich, suka kafa cibiyar a 1964, domin masanin ƙasa matalauciya ya samu wurin da zai riƙa zuwa ya yi 'yan watanni cikin takwarorinsa, sannan ya koma gida ya ci gaba da koyarwa. Gwamnatin Italiya ce ke ɗaukar kaso mafi girma na kuɗin, tare da hukumar UNESCO da hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Salam ya ci kyautar Nobel a 1979. Duk wanda ya taɓa zama a ofishinsa a jami'ar gida da tambaya a bakinsa ba wanda zai yi wa, ya san abin da ya kori wannan bawan Allah daga Lahore.

Na yi zaton abin da zan fara gani shi ne na'urori. Alluna na fara gani. A hanyoyin cikin gini, a kusa da wurin shan kofi, ko'ina allo ne da alli, kuma da wuya ka wuce ba ka ga mutum biyu ko uku a tsaye suna gardama a gabansa ba. Ɗan ƙaramin kofin da suke sha bai fi kurɓi biyu ba, amma hirar da ke biyo bayansa takan kai awa. A teburin cin abinci kuwa ba ka sanin wa ke gefenka sai ka tambaya: wannan yana nazarin girgizar ƙasa, waccan tana nazarin ƙwayoyin halitta, wancan injiniyan kwamfuta ne. Sai na tuna harabarmu. Tsakanin ofishina da sashen nazarin halittu tafiyar 'yan mintoci ce, muna gaisawa a masallaci da wurin ɗaurin aure, amma ban taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu abin da yake bincike a kai ba.

Makon farko mun yi shi ne a kan wata manhaja mai suna RegCM, wadda Filippo Giorgi ya fara ginawa a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, ya taho da ita Tiriyeste a 1998. Kyauta ake ba da ita, kuma masu binciken yanayi a Afirka ta Yamma suna amfani da ita sosai. Ga yadda take aiki. Za a ɗauki yanki, a ce daga gaɓar Gini zuwa bakin Sahara, a yayyanka shi gida-gida, kowane gida kamar kilomita 25 tsawo da faɗi, sannan a jera wasu gidajen a samansa har can ƙololuwar iska. A kowane gida ana lissafa zafi da laima da gudun iska, a matsa gaba da ɗan lokaci kaɗan, a sake lissafawa, haka har a ƙare shekaru 30 na damina da rani. Kwamfuta ɗaya ba za ta iya ba, don haka ake raba aikin ga ɗaruruwa, kamar aikin gayya: kowa da kunyarsa, amma dole ya riƙa duban na gefensa don kada a bar gyauro a tsakani. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan duka shi ne wanda nake koyar da ɗaliban aji uku. Ban taɓa gaya musu cewa da shi ake hasashen ruwan Agusta ba, domin ni ma ban taɓa ganin haka da idona ba sai a can.

A mako na biyu aka raba mu rukuni-rukuni. Namu ya ƙunshi wata masaniyar ƙwari daga Brazil, wani likita daga Gana, wani injiniyan kwamfuta daga Indiya, wani masanin yanayi Bahaushe ɗan Maraɗi, sai ni. Aka ba mu manhajar VECTRI, wadda Adrian Tompkins na cibiyar da Volker Ermert na Jamus suka wallafa a 2013, mai kwaikwayon yadda zazzaɓin cizon sauro ke bin ruwan sama da zafi da yawan jama'a. A nan na ga amfanin zaman tare da idona. Masaniyar ƙwarin ta zana kududdufi a allo, ta ce ƙwan sauro yana bukatar kusan mako ɗaya zuwa kwana 10 a cikin ruwa kafin ya yi fiffike. In ruwan ya ƙafe kafin nan, tsutsar ta mutu; in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke ta. Likitan ya ƙara da cewa ƙwayar cutar ma sai ta nuna a cikin sauro kafin ya iya harba wa wani: a zafin digiri 28 kwana 9 zuwa 10, a digiri 20 kusan wata guda, alhali sauro da yawa ba sa kai wannan tsawon rai. Ni na mayar da maganarsu lissafi, ɗan Indiya ya sa na'ura ta gudanar da shi cikin sauri.

Sai ɗan Maraɗi ya dubi taswirar da ta fito, ya girgiza kai ya juyo gare ni da Hausa: "Malam, ai ƙasar nan jigawa ce, ruwa ba ya kwana a kanta. Amma ka san kududdufan da ake haƙa don ginin ƙasa a bayan gari? Su ne ke riƙe ruwa har bayan kaka." Muka fassara wa sauran, aka koma aka gyara yadda muka ƙiyasta tsotsewar ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu ɗaya daga cikinmu da zai iya fitar da wannan taswira shi kaɗai, kuma na'urar ba ta san da ramin ginin ƙasa ba sai da aka gaya mata.

A ranar ne likitan Gana ya tambaye ni nisan Garki daga Kano. Na ce Garki ta Jigawa? Ya ce ita. Ashe daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da ɗaya daga cikin binciken maleriya mafi zurfi da aka taɓa yi a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. An yi feshin ɗakuna, an raba magani ga jama'a baki ɗaya, an riƙa ɗibar jini da ƙirga sauro shekara da shekaru. Cutar ta ragu ƙwarai amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma daga cikin dalilan akwai sauron da ke hutawa a waje inda feshi bai kai ba. Wani masanin lissafi, Klaus Dietz, da abokan aikinsa suka fitar da tsarin lissafin cutar daga waɗannan bayanai a 1974, kuma har yau masu wannan fanni a duniya suna komawa gare shi. Na ji nauyin abin a raina. Sai da na ƙetare teku kafin in ji labarin aikin da aka yi a maƙwabtanmu, da jinin mutanenmu, a fannin da nake koyarwa.

Wata rana aka hau da mu tudu zuwa SISSA, makarantar manyan digiri da aka kafa a 1978, wadda yanzu take cikin wani tsohon asibitin masu tarin fuka da ke kallon birnin da teku. A Tiriyeste ne Roberto Car da Michele Parrinello suka haɗa hanyoyin lissafi biyu da a da kowace ke tafiyarta daban, a 1985, suka ba masu kimiyyar sinadarai damar kallon motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta. Makarantar da cibiyar suna gudanar da digiri na biyu na haɗin gwiwa kan sarrafa manyan kwamfutoci tun 2014, malamai ɗaya, ɗalibai ɗaya, ba wanda ke cewa ɗalibina ne ba naka ba.

Zangon ƙarshe shi ne Bolonya, garin jami'ar da ake lissafa kafuwarta daga 1088. A wata tsohuwar masana'antar taba aka girke Leonardo, gagarumar kwamfutar da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022, ta zo ta 4 a duniya a lokacin. Tana yin lissafi sama da biliyan sau miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, kuma da ruwa ake sanyaya ta. A ido dai jerin dogayen akwatunan ƙarfe ne da bututu da gunjin da ba ya yankewa. Abin da ya fi burge ni shi ne masu kula da ita, wato CINECA, ƙungiyar da jami'o'i 4 suka kafa a ƙarshen shekarun 1960 saboda babu wadda za ta iya sayen babbar na'ura ita kaɗai. Yau mai bincike yakan rubuta bukatarsa, masana su duba, a ware masa sa'o'in aiki, ya shiga ta intanet daga ofishinsa.

A jirgin ƙasan komawa ɗan Maraɗi ya tuna mini cewa mu ma muna da irin wannan gado. Bayan farin farkon shekarun 1970, ƙasashen Sahel sun kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, suka tara masana noma da na ruwa da na yanayi a inuwa ɗaya. Muka shiga lissafa abin da ke hannunmu: littattafan ma'aunin ruwan sama a tashoshin gona, rajistar marasa lafiya a ƙananan asibitoci, ɗaliban da ke yawo ƙauyuka da ragar kamun sauro. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin maleriya duk wata a lokacin damina a yankinmu. Sanin makon da ya kamata a fara da wanda ya kamata a tsaya a kowace ƙaramar hukuma tambaya ce da mai lissafi da likita da mai sauro za su iya amsawa tare, kuma matakin farko kwamfutar kan tebur ta ishe shi.

Na sauka Kano hazo ya rufe gari. Wutar lantarki da intanet suna nan yadda ka san su, kuma tsarin ƙarin girma har yanzu yakan rage wa malami maki in maƙalarsa ta ɗauki sunaye da yawa, abin da ke koya wa matasanmu rowar ilimi tun suna ƙanana. Wannan sai mun kai shi majalisar jami'a mun yi magana. Amma akwai abin da bai jira izinin kowa ba. Kai kana sashen nazarin halittu, kana da ɗaliban da suka san kowane kududdufi a gefen gari. Na riga na yi magana da wata likita a sashen lafiyar al'umma, ta ce za ta kawo alƙaluman damina uku. Akwai allo a ɗakin da ke kusa da ofishina, ba a amfani da shi ranar Alhamis bayan La'asar. Ka zo da ɗalibanka biyu, mu fara da unguwa ɗaya.