Gyaran Ƙaramin Kan Jirgi Wanda Ba A Sayar Da Kayansa

 

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu yanzu, watau "babu kayan gyara." Rediyo ya mutu, babu kayan gyara. Keken ɗinki ya tsaya, babu kayan gyara. Da an faɗi haka shi ke nan, sai a jefa abin bayan ɗaki. Mu dai ba makanikai ba ne, aikinmu allo da tawada, amma a gabanmu aka tayar da wani abu wanda masana'antarsa ta rufe tun ba a haife mu ba, shi ya sa muka ga ya kamata ku ji yadda aka yi.

Abin kuwa ƙaramin kan jirgin ƙasa ne na wasa, tsawonsa bai wuce taƙi ba, amma na ƙarfe ne, yana da nauyi a hannu. Irin wanda a ke kira Hornby Dublo ne. Kamfanin Meccano na birnin Libaful a Ingila ya fara ƙera su a 1938, shekara biyu bayan mutuwar mai kamfanin, Frank Hornby. A 1964 wani kamfani, Lines Brothers, ya saye Meccano, ba a daɗe ba aka daina ƙera irin wannan jirgi, a 1979 kuma aka rufe masana'antar ɗungum. Sunan Hornby yana nan a kan sababbin jirage, amma cikinsu dabam ne, kayansu ba su shiga na dā. Akwai 'yan tsirarun mutane a Ingila da ke ƙera wasu kayan tsofaffin, sai dai kafin abu kamar ƙwayar shinkafa ya iso Kumasi kuɗin aike ya ninka kuɗinsa.

Mai jirgin wani dattijo ne da ya yi aikin reluwe a Sekondi, inda aka fara shimfiɗa dogo a 1898, ya iso Kumasi a 1903. Da ya rasu, jirgin ya faɗa cikin rabon jikansa, maraya, almajirinmu. Wani ɗan kasuwa mai sayen kayan dā ya ce in yana tafiya zai saya da daraja, in ba ya tafiya kuɗin ƙarfe kawai. Waɗansu dattawa sun ce bai dace malami ya zauna yana wasan yara ba. Mun ji, mun kuma girmama maganarsu. Amma dukiyar maraya ba ta zama wasa don tana da ƙafafu.

Muka kai shi wurin wani mai gyaran agogo da rediyo a unguwarmu. Abin da ya fara yi ya ba mu sha'awa: bai taɓa sukundireba ba sai da ya sa muka gane yadda abin ke tafiya. Dogon jirgin layi uku ne. Wutar lantarki mai ƙarfin bolt 12 tana bi ta layin tsakiya, wani ɗan cokali a ƙarƙashin jirgin yana shafa layin yana ɗebo ta, sa'an nan ta koma ta ƙafafu. A ciki akwai maganaɗisu, a tsakaninsa kuma wani ɗan dunƙule mai reshe uku, kowane reshe an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe. Gawayi biyu ƙanana, waɗanda sifirin ke tokarewa, su ke shafa zoben da ke jikin dunƙulen su ba shi wuta. In wuta ta shiga sai ya juya, ya juya haƙori, haƙori ya juya ƙafafu. Iyakar sirrin ke nan.

Da aka buɗe sai ga cuta huɗu. Gawayin ya cinye, sifirin ɗaya ya ɓace, reshe ɗaya ya ƙone ya yi baƙi, maganaɗisun kuma ya yi sanyi, da ƙyar ya ke riƙe allura.

Sifirin bai ba da wahala ba, daga cikin mataccen agogo aka samo waya aka murɗa. Gawayi kuwa sai da aka yi shawara. Wani saurayi ya ce a fasa tsohon batir a ciro sandar da ke tsakiyarsa. Mai gyara ya ce za ta yi aiki, amma tana da tauri, a hankali sai ta cinye zoben, zoben nan kuwa shi ne ba a da madadinsa. Sai aka je Magajin ta Suame, inda makanikai ke ƙera wa mota abin da kanti ba shi da shi, aka samo gawayin wani mataccen inji mai laushi. Da magagari ya yi ta gogarsa har ya zama siriri kamar tsinken ashana. Guda uku suka karye kafin biyu su fita daidai.

Reshen da ya ƙone shi ya ci kwana biyu. Ba a yanke tsohuwar wayar a yar. Warware ta a ke yi sannu a hankali ana ƙidaya naɗin, ana kuma lura da wajen da ta nufa, dama ko hagu, domin in sabon naɗi bai yi daidai da na 'yan'uwansa biyu ba, jirgin zai riƙa ɗingishi yana zafi. Mu aka ba aikin ƙidaya, da tasbaha muka yi, kowane zagaye ƙwaya ɗaya. Wayar kuma daga cikin tsohon rediyo aka ciro ta, mai kauri ɗaya da ta farko.

Sanyin maganaɗisu shi ne uwar cutar. In ya rasa ƙarfi sai injin ya riƙa shan wuta fiye da kima, ya yi zafi, har waya ta ƙone. Irin na wancan zamani kuma yana rasa ƙarfi in aka zare shi daga mazauninsa ba a gitta masa ƙarfe ba, don haka mai hannu da sauri ya kiyaye. Tun wajen 1984 aka samu wani sabon iri mai tsananin ƙarfi, ana kiransa niyodimiyam, yana nan cikin matattun kayan kwamfuta. Waɗansu masu gyara suna sa shi, waɗansu suna cewa ƙarfinsa ya yi wa tsohon inji yawa. Namu ya zaɓi ya farfaɗo da tsohon: ya naɗa waya mai kauri, ya ba ta wutar batirin mota ƙiftawar ido ɗaya. Mu ma wannan ya fi kwanta mana a rai.

Akwai fa abin da ba ya gyaruwa. Kayan wasa da yawa na kafin Yaƙin Duniya na Biyu da tutiya aka zuba su, in dalma ta gauraya da ita sai bayan shekaru ƙarfen ya kumbura ya tsattsage kamar busasshen tabo. Wannan ba manni ba walda, sai dai a zuba sabo, irin yadda maƙeran Krofofrom ke zuba tagulla da kakin zuma. Namu Allah ya tsare shi.

Ranar da jirgin ya motsa sai wata magana ta taso. Wani daga cikin dangi ya ce a shafa baƙin fenti a kan sabon naɗin, kada mai saye ya gane, tun da amfanin maraya a ke nema. A nan muka ƙi. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana algus da ɓoye aibin kaya, ba a kuma ware dukiyar maraya ba. Ku dubi littattafan da kakanninmu suka kwafa da hannu. In mai kwafi ya tarar da giɓi a asali, yakan bar wurin fari ya rubuta a gefe cewa haka ya same shi, in kuwa ya yi gyara sai ya sa alama. Haka muka yi. Muka rubuta takarda da boko da ajami: gawayi biyu sababbi, sifirin ɗaya, reshe ɗaya sabon naɗi, maganaɗisu na asali. Muka ƙulle ƙonanniyar wayar a ƙyalle muka sa cikin akwatin. Ɗan kasuwan ya karanta, ya rage kaɗan daga abin da ya taya, waliyyin yaron ya ce a dakata tukuna.

Saura abu ɗaya. Guntayen dogo biyu masu lanƙwasa sun ɓace, don haka jirgin ba ya iya kewayawa, sai ya je ya dawo a kan tabarma. Duk wanda ke da irin wannan dogo mai layi uku a cikin kayan tsofaffinsa, ko da ya yi tsatsa, ya kawo mana makaranta bayan la'asar.