Kubernetes da Nauyin da Ba Ya Fitowa a Takardar Kasafi

Bahaushe ya san kwantena tun daga tashar jiragen ruwa ta Apapa: akwatin ƙarfe da ake ɗorawa kan jirgi ko tirela ba tare da an kwance kayan cikinsa ba. Masana kwamfuta sun ari kalmar don nufin manhajar da aka naɗe tare da duk abin da take buƙata, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura. Docker ne ya yaɗa wannan dabara daga 2013. Da kwantenoni suka yi yawa sai aka buƙaci makiyayi, shi ne Kubernetes, wanda kamfanin Google ya fitar a 2014 bisa gogewar da ya samu daga tsarinsa na cikin gida mai suna Borg.

Aikinsa abin yabo ne. Idan kwantena ta mutu yakan tayar da wata nan take, idan maziyarta suka yi cincirindo yakan ƙara adadi, idan na'ura guda ta lalace yakan kwashe aikinta zuwa sauran. Sai dai an ƙera shi ne don matsalar mai dubban na'urori, kuma a nan tambayar take.

Ga misali daga muhallin jami'a. Mujallu da dama na intanet suna tafiya ne a kan Open Journal Systems, manhajar da aka rubuta da PHP, mai ajiye bayananta a rumbu irin MySQL. Uwar garke guda mai matsakaicin ƙarfi tana ɗauke da ita har da sauran wuri. Duk da haka akan samu ƙwararren da zai kawo shawarar a koma Kubernetes, wai shi ne yayi. Abin da ba a cika faɗa wa kwamiti ba shi ne, kafin tsarin ya iya jure lalacewar ɓangaren da ke ba da umarni, sai an tanadi na'urori uku aƙalla don wannan ɓangaren kaɗai, tun ba a ɗora maƙala ko ɗaya ba. Wanda ya zaɓi haya a wurin Amazon zai biya senti 10 a kowace awa kan ɓangaren, kimanin dala 73 a wata, ban da kuɗin na'urorin aiki. Kuma da dala ake biya, alhali kasafin sashe da naira yake. Sabon zubi kan fito sau uku a shekara, kowanne kuma ana daina kula da shi bayan shekara ɗaya da 'yan watanni.

Nauyi mafi girma kuwa mutum ne. Uwar garke guda, ma'aikaci mai matsakaicin sani zai iya gane inda ta yi tuntuɓe. Kubernetes yana buƙatar wanda ya laƙanci hanyoyin sadarwarsa da takardun shaidarsa masu ƙarewa, irin injiniyan da kamfanonin waje ke zawarci. Ranar da ya ajiye aiki, sashen ya ɗauki Dala ba gammo, kuma abin da ke cikin haɗari shi ne maƙalun shekaru da wataƙila ba su da kwafi a ko'ina.

Manya ma ba duka suka bi ba. Kamfanin 37signals, mai Basecamp, ya janye ayyukansa daga hayar girgije a 2023, ya koma kan na'urorinsa da wata manhaja mai sauƙi da ya ƙera, Kamal.

Kubernetes yana biyan wahalarsa inda tawagogi da yawa ke sabunta manhajoji da yawa a kullum, kamar banki ko kamfanin sadarwa. Mujallar da ke fitowa sau biyu a shekara ta fi buƙatar lantarki tsayayye, da kwafin rumbunta da ake ajiyewa kowane dare a wani gini daban, da wanda zai riƙa gwada dawo da kwafin don a tabbatar yana buɗewa.